Renon Wadan Sifurus da Danginsa a Ƙaramin Lambu a Jos

Duk wanda ya ga hoton wadan sifurus zai gane abin da ya sa masu ƙaramin tsakar gida suke kwaɗayinsa. Ɗan itace ne kore shar rani da damina, gindinsa da faɗi, samansa da tsini kamar jinkar ɗaki, ganyensa sirara ne gajeru da ba su wuce santimita 1 ba, sun cushe har ba a ganin kara. Yana riƙe wannan siffa da kansa, ba sai an sa masa almakashi ba. Ga shi kuma bai cin wuri, don tsawon da yake ƙarawa a shekara bai wuce santimita 5 zuwa 10 ba.

Da yake Jos garin sanyi ne, inda ake noman dankalin Turawa da kabeji da sitiroberi, mutane da yawa suna ɗauka duk wani tsiron ƙasashen sanyi zai karɓi garin. Wasu suna karɓa, amma wannan itace yana da sharuɗɗansa, kuma gara ka san su tun kuɗinka na aljihu.

Fara da sanin asalinsa

Sunansa a wurin masana tsirrai Picea glauca 'Conica'. A shekarar 1904 ne wasu masana biyu daga lambun itatuwa na Arnold da ke Boston a Amurka, Alfred Rehder da John George Jack, suka tsince shi a dajin da ke kusa da tafkin Louise a lardin Alberta na Kanada. Uwarsa, wato farin sifurus, doguwar bishiya ce ta dazuzzukan Kanada da arewacin Amurka. Wannan dai wada ne da ya fito a cikin zuriyar, kuma da yake da wuya ya yi iri, ta hanyar yankan reshe aka yi ta yaɗa shi har ya kai ko'ina.

Abu biyu ne suka sa zamansa a nan yake da wuya. Na farko sanyi. A ƙasarsa itacen yana yin barci na watanni a ƙarƙashin dusar ƙanƙara, kuma idanun tohonsa ba sa buɗewa yadda ya kamata sai sun sha makonni a sanyin da bai haura digiri 5 ba. Jos tana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu sanyin dare yakan sauko wajen digiri 10 ko kusa da haka, amma da hantsi ya yi sai rana ta kore shi. Sanyin da ke sa mu rufa da bargo biyu bai kai ya kwantar da wannan itace barci ba.

Na biyu, wanda ba a cika lura da shi ba, tsawon yini ne. A Alberta yinin tsakiyar shekara yakan haura awa 16, kuma wannan dogon haske shi ke tura itacen ya yi toho. Idan yini ya gajarta sai ya ɗauka lokacin sanyi ya gabato, ya dakatar da girma. Mu kuwa yininmu yana nan wajen awa 12 duk shekara, da ɗan ragi ko ƙari. Shi ya sa wanda aka kawo daga waje yakan yi kyau da farko da ƙarfin da ya zo da shi, daga baya toho ya riƙa raguwa, ganye ya riƙa ja daga ciki, kwarin ganye su samu ƙofa.

Ra'ayina a nan a fili yake. In ka riga ka samu ainihin wadan sifurus, ka rene shi a tukunya, ka ba shi duk kulawar da zan bayyana, ka ji daɗinsa iya shekarun da ya yi maka. In kuwa siffar kake so, itacen da zai tsufa tare da gidan, to ka nemi danginsa masu jure zafi. Mutumin Abuja ma bai kamata ya wahalar da kansa da ainihin ba, domin garin ya fi Jos kwari nesa ba kusa ba, kuma zafin Maris can yana kai wa sama da digiri 35.

Zaɓe a wurin mai fulawa

Masu sayar da fulawa na bakin titi sukan kira kusan duk itacen da ke da wannan siffa bishiyar Kirsimeti, don haka sunan ba zai taimake ka ba. Ka duba da idonka, ka taɓa da hannunka.

Ainihin sifurus ganyensa ɗai-ɗai yake fitowa a jikin reshe, kuma in ka murza guda tsakanin yatsu za ka ji yana birgima saboda gefe huɗu gare shi. Inda ganye ya zube, reshen yakan yi kaushi da ƙananan ƙusoshi.

Wadda na fi ba da shawara a kai ita ce tuja ta gabas, Platycladus orientalis, 'yar asalin ƙasar Sin da Koriya, musamman gajeren nau'in nan mai ruwan zinariya da ake kira Aurea Nana. Ganyenta ba tsini gare shi ba, lafaffe ne, rassan shimfiɗaɗɗu suna tsaye a jere. Tana jure rana, tana jure ƙarancin ruwa in ta kafu, kuma girmanta a hankali yake. Bayanta sai junifar Sin, wadda ke da nau'o'i masu tsini da ɗan shuɗi-shuɗi. Dukkansu renonsu kusan ɗaya ne da na sifurus, sai dai sun fi shi haƙuri.

Akwai biyu da za ka kiyaya in filinka ƙarami ne. Arokariya, mai rassa hawa-hawa, tana da ban sha'awa a leda, amma a ƙasa takan zarce gidan bene. In kana sonta, ka bar ta a tukunya. Haka ma fayin, itacen nan mai dogayen ganye kamar allura, irin wanda ake gani a gandun namun daji na Jos. Wannan itacen daji ne, yana kai mita 20 da ɗoriya, bai dace da kusa da katanga ko rijiya ba.

Ka tambayi mai sayarwa kai tsaye: "Malam, wannan a nan aka rene shi ko kawo shi aka yi? Ya ga hunturu a wurinka?" Tsiron da ya riga ya ƙetare rani a Jos ya fi wanda aka sauke jiya daraja, ko da na jiyan ya fi sheƙi. Sannan ka buɗa rassan ka leƙa ciki. Ɗan busasshen ganye can kusa da kara ba laifi ba ne, amma ja a gefen waje ko a ƙasa alamar ciwo ce. Ka ɗaga ledar ka duba gindinta: saiwa fara ko mai ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ce, baƙa mai laushi da wari ruɓa ce. Kada ka zaɓi mafi girma. Mai tsawon santimita 30 zuwa 50 ya fi saurin kamawa, ya fi araha. Wanda kuma yake tunanin sa ɗan'uwa ya taho masa da shi daga waje, ya sani shigo da tsiro mai rai yana buƙatar izinin hukumar NAQS mai kula da killace kayan gona.

Inda za ka ajiye shi

Wannan mataki shi ne rabin aikin. Ga sifurus, nemi wurin da rana ke bugawa daga safe zuwa wajen ƙarfe 11, sannan inuwa ta rufe shi kafin azahar. Gabashin ɗaki ya fi ko'ina. Ka nisanta shi da katangar siminti mai fuskantar yamma da shingen kwano, domin suna tara zafi suna mayar wa ganye, gefen da ke kallonsu ya ƙone. Ka bar aƙalla rabin mita tsakaninsa da bango don iska ta ratsa. Tuja da junifa sun fi son rana sosai. A inuwa sukan yi sako-sako, zinariyar tuja ta koma kore.

Kada ka sa shi a falo. Kwana kaɗan don ado ba komai, amma itacen waje ne. Kada kuma ka ajiye shi ƙarƙashin indararo, ko inda ake zubar da ruwan wanki da wanke-wanke. Gidan da ke da awaki sai an yi masa shinge tun ranar farko.

Ƙasa da tukunya

Jos tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,400 a shekara, kuma a Yuli da Agusta ya fi zuba. Abin da ya fi kashe irin waɗannan itatuwa a nan ba ƙishirwa ba ce, kwanciyar ruwa ce a gindi. Saiwarsu sirara ce, a sama-sama take, tana buƙatar iska; in ta kwana biyu a taɓo sai ta ruɓe, ganye ya fara ja, mai shi ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara ruwa.

Don haka ka haɗa ƙasa mai tsiyaye ruwa: kashi biyu na baƙar ƙasar lambu, kashi ɗaya na yashin rafi mai gwari-gwari, kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki da ya huce sarai, irin na ganye ko tsohon kashin shanun da ya koma gari ba ya wari. In akwai busasshen ganyen fayin da ya ruɓe, ka zuba hannu biyu. Ka damƙi haɗin da ɗan danshi: ya kamata ya dunƙule, sannan ya warwatse da ka taɓa shi da yatsa. In ya riƙe kamar na gini, ƙara yashi.

Sifurus yana son ƙasa mai ɗan tsami. Saboda haka kada ka zuba masa toka, duk da amfaninta ga wasu shuke-shuke, kuma ka tsince ɓaraguzan siminti da bulo da magina suka bari, domin dukkansu suna kashe tsamin ƙasa, ganye ya riƙa yin rawaya.

Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, don tana numfashi kuma tana sanyaya saiwa. Baƙar roba a rana tana dafa gindi. Girman ya ɗara na ledar da kamar yatsa uku ko huɗu kowane gefe. Babbar tukunya ga ƙaramin tsiro tana riƙe ruwan da saiwa ba ta iya shanyewa. A huda gindinta wuri uku ko huɗu, a rufe hudojin da guntun fasasshiyar tukunya ko ragar sauro, a ɗora ta kan bulo biyu. Ɗorawar nan tana barin ruwa ya fita, tana kuma hana gara hanyar shiga.

Mai son dasa tuja ko junifa a ƙasa ya fara gwada wurin. Haƙa rami mai zurfin santimita 30, cika shi da ruwa, bari ya shanye, sake cikawa da yamma. In gari ya waye da ruwa a ciki, wurin bai dace ba sai an tayar da tudu mai tsawon santimita 20 zuwa 30 an dasa a kansa.

Dasawa

Lokacin da ya fi dacewa shi ne Mayu zuwa farkon Yuni, bayan damina ta zauna amma kafin marka. Ka yi aikin da la'asar ko ranar da hadari ya rufe rana.

Shayar da tsiron a cikin ledarsa tun da safe. Ramin ya ninka ledar sau biyu a faɗi, amma zurfinsa daidai da ita. Tsaga ledar da reza daga gefe, kada ka ja itacen ta kara. Kada ka karkaɗe ƙasar da ta zo da shi, domin akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a jikin saiwar suna taimaka mata shan abinci. In saiwa ta nannaɗe tana zagaye, warware na wajen a hankali da yatsa.

Ga inda aka fi yin kuskure: zurfi. Wuyan itacen, wato inda kara ya haɗu da saiwa, ya tsaya daidai da fuskar ƙasa ko ya ɗan fi ta tudu. Mun saba yi wa masara da dawa huɗa, muna tara ƙasa a gindi, amma wannan al'ada tana ruɓar da wuyan waɗannan itatuwa. Cika gefen, danna da tafin hannu ba da ƙafa ba, zuba ruwa a hankali har ya fito ta ƙasa. Daga nan shimfiɗa busasshen ganye ko ɓuntun shinkafa mai kaurin yatsa biyu, ka bar fili tsakaninsa da kara. In unguwarku akwai gara, yi amfani da ƙananan tsakuwa masu haske maimakon ganye. Babu takin zamani a ranar dashe, ko a watanni biyun farko.

Ban ruwa

Kada ka bi kalanda, ka bi yatsanka. Tura shi cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. In da danshi, bari. In ya bushe, zuba ruwa sosai har ya ratsa ya fita. Yayyafin kullum yana jiƙa sama kawai, saiwa ta taso neman ruwa, rana ta same ta.

A Yuli da Agusta aikinka rage ruwa ne. In aka jera kwanaki ana sheƙawa, ja tukunyar ƙarƙashin baranda inda haske ke shiga, ka tabbata hudojin ba su toshe ba. Haka in hadari ya zo da ƙanƙara, wadda takan faɗo a Jos, sabon toho ba ya jure dukanta. Daga Nuwamba kuma lissafi ya juya. Iskar hunturu tana tsotse ruwa daga ganye ko da gari ya yi sanyi, kuma tukunyar ƙasa kan bushe cikin kwana biyu ko uku. Sifurus bai yin yaushi ya gargaɗe ka kamar tumatir. Sai bayan makonni za ka ga ja, lokacin ɓarna ta riga ta auku. Maris da farkon Afrilu su ne mafi tsanani. A lokacin sai ka ƙara masa inuwa da zana ko raga, ka duba ƙasa kowace safiya. Ruwan sama da aka tara ya fi kowane ruwa. Ruwan alwala ma yana da kyau tunda babu sabulu a ciki.

Kowane mako biyu ka ɗan juya tukunyar, don kowane gefe ya samu rabonsa na haske.

Ƙura da ƙananan kwari

Babban abokin gabar wadan sifurus wasu kwari ne dangin gizo-gizo, ƙanana ƙwarai har ido bai cika kama su ba. Suna tsotse ruwan ganye, ganyen ya yi ɗigo-ɗigon rawaya, ya koma ruwan toka, ya yi ja, ya zube. Cushewar ganyen da ke ba itacen kyau ita ce maɓoyarsu, kuma ƙura da bushewar iska suna ƙara musu ƙarfi. Wato daga Disamba zuwa Maris ne lokacinsu.

Kowane mako ka riƙe farar takarda ƙarƙashin reshe, ka bubbuga reshen. In ka ga ɗigo-ɗigo suna motsi, ko ka goga da yatsa suka bar zane, sun shigo. Wani lokaci za ka ga siririyar yana tsakanin ganye. Maganin farko ruwa ne: da sassafe ka fesa da ƙarfi, daga ƙasa zuwa sama, har cikin rassa, sau biyu a mako. Wannan wankan ya kamata ya zama al'ada duk hunturu ko ba ka ga komai ba, don yana sauke ƙura. In sun yi yawa, haɗa ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa marar ƙarfi a lita ɗaya, ko man darbejiya bisa ma'aunin da ke jikin kwalbar, ka fesa da yamma, ka maimaita bayan kwana 5 zuwa 7 har sau uku, saboda ƙwan da ke ƙyanƙyashewa daga baya. Fara gwadawa a reshe ɗaya ka jira kwana biyu. Garin sabulun wanki yana ƙona ganye, kuma mai yana iya goge shuɗin junifa.

Kada ka ruga ga maganin feshin wake. Yawancin irinsa yana kashe kwarin da ke cinye waɗannan, su kuma ya bar su, sai su dawo ninki. In dole sai na kanti, nemi wanda aka yi dominsu, kamar mai sinadarin abamektin, ka bi umarnin da ke jiki, ka rufe hanci da hannu, ka kawar da yara da kaji.

Taki da aski

Itace mai tafiya a hankali ɗan abinci yake ci. Ƙaramin cokali ɗaya na NPK 15-15-15 ya ishi tukunya mai girman bokitin fenti, a barbaɗa a gefe nesa da kara, a bi da ruwa, sau ɗaya a farkon damina, in ya cancanta a ƙara a Yuli. Yuriya da ɗanyen kashin kaji suna ƙona saiwa. Itacen da ke ciwo ba a ba shi taki. A fara gano ko ruwa ne ya yi yawa ko kwari ne.

Wajen aski ka riƙe ƙa'ida ɗaya: waɗannan itatuwa ba sa sake toho daga tsohon reshen da ba ganye. In ka yanka ka wuce kore, ramin zai zauna. Don haka ka tsaya kan bakin sabon toho kawai, ka cire matattun rassa daga tushe, ka goge almakashi da sifirit kafin ka koma kan wani itacen. Kan itacen ya zama ɗaya. In biyu suka taso, cire mai rauni. Sa hannu a ciki lokaci-lokaci ka karkaɗo busasshen ganyen da ya taru.

Wadan sifurus yana da wata ɗabi'a tasa. Wani lokaci reshe guda yakan koma halin uwarsa, ya fito da dogayen ganye masu kauri, ya riƙa girma da sauri. Yanke shi daga inda ya faro da ka gan shi, in ba haka ba zai rinjayi sauran ya ɓata siffar.

Canjin tukunya da samun sabbi

Bayan shekara biyu ko uku, in saiwa ta leƙo ta hudoji ko ruwa yana wucewa ba ya tsayawa, matsar da shi tukunyar da ta ɗara kaɗan, a farkon damina, da sabon haɗin ƙasa, wuyan a inda yake.

Tuja da junifa suna kamawa ta reshe. A cikin damina zaɓi lafiyayyen reshen gefe mai tsawon santimita 8 zuwa 10, fizge shi ƙasa-ƙasa don ya taho da ɗan ɓawon uwar. Cire ganyen kashi ɗaya cikin uku na ƙasa, soka shi a yashi mai danshi, rufe da farar leda mai 'yan hudoji, ajiye a inuwa mai haske. Soka da yawa, don ba duka ke kamawa ba, kuma na sifurus ya fi jinkiri da yawan faɗuwa. Kada ka riƙa tumɓukewa kana dubawa. Bayan wata biyu zuwa uku ka ɗan ja a hankali. Wanda ya riƙe ya yi saiwa. Buɗe ledar kaɗan-kaɗan cikin mako guda, mayar da kowanne ledarsa da haɗin ƙasar nan, ka bar su inda ranar safe kawai ke samunsu su ƙetare hunturu da bazara, sannan ka dasa su a mazauninsu in ruwan Mayu ya zauna.